Kakar tsallake ta kama, ga abinda nike dubawa kowace safiya kafin dawaki su fita

Duk shekara da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa nan Sakkwato, leɓe ya fara tsagewa, to can Ingila da Ailan ruwa ne ya sauka ƙasa ta yi laushi, kuma lokacin ne sukuwar tsallake ke kankama. Daga wajen Oktoba har ƙarshen Afrilu kusan kullum akwai fili ɗaya ko biyu ko uku da anka shirya tsere, kuma tunda agogonmu ya riga nasu da awa guda a mafi yawan wanga lokaci, mafi yawan tseren yana faɗowa ne tsakanin azahar da bayan la'asar, daidai sadda kasuwa ta lafa mutum na iya ɗaga waya ya duba.

Mu da munka tashi muna ganin doki a turke, muna ɗauko harawa muna jiƙa dusa da kanwa, sukuwar da munka sani ita ce ta shimfiɗaɗɗen fili, ƙasa busassa, ƙura ta tashi a saki linzami kafin ka ce kwabo an gama. Tasu ta tsallake daban take. Mafi gajarta mil 2 ne, akwai mai mil 3, akwai wadda ta haura mil 4, kuma doki na gudu shina tsallake shinge. Shingen iri biyu ne, akwai ƙanana masu ƙafa 3 da rabi waɗanda in doki ya buge su sukan kwanta ya wuce, da su ake fara koya ma doki aiki, sannan akwai manya da anka cusa da tsakin itace, mafi ƙanƙanta ƙafa 4 da rabi, wani da rami gabanai, sai mai ruwa bayanai da bai kai wannan tsawo ba, waɗannan kam in doki ya raina su sai ya kife. Abinda ya sa nike son wagga sukuwa fiye da ta fili shi ne dawakin suna daɗewa, galibinsu dandaƙaƙƙu ne ba a gaggawar janye su a kai su barbara, sai ka ga doki shekara 10 ko 11 shina nan shina fafatawa, ka san halinai, ka san inda shike jin daɗi da inda ba shi so. Wani doki Kauto Star ya ci babban tseren King George a filin Kempton har sau 5, na farko 2006 na ƙarshe 2011 shina ɗan shekara 11, bayan mutane da yawa sun ce ya ƙare a ajiye shi.

Toh kullum da safe jaridu irin su Racing Post da sauran shafuka suna fitar da sharhin tseren ranar, kowane doki da layi biyu ko uku, daga ƙarshe su ce ga wanda muke ganin zai ci. Ni wancan layin na ƙarshe shi ne ban damu da shi ba. Farkon abinda nike nema shi ne yanayin ƙasa, kuma wallahi in mutum ya fahimci wannan kaɗai ya fahimci rabin sukuwar tsallake. Kowane fili akwai jami'in da ke zagayawa da sanda tun da asuba shina soka ƙasa, sannan ya sanar ko ta yi tauri daidai, ko ta yi laushi, ko ta zama taɓo gaba ɗaya. Akwai doki mai ɗaga gwiwa sama in shina gudu, shina buga ƙasa da ƙarfi, wannan taɓo shike so, in ƙasa ta bushe ƙafafunai ke ciwo. Akwai kuma mai shafar ƙasa, ƙafa ba ta tashi sosai, wannan in ya shiga laka sai ka ga tun kafin shinge uku na ƙarshe mahayi ya fara tura shi da hannu da ƙafa amma ina, ya riga ya mutu a tsaye. Shi ya sa doki zai ci tsere da tazara mai yawa wanga mako, bayan sati uku a kawo shi gaban dawakin da ba su kai na farko ba ya zo na shida, ba wani abu ya same shi ba, ruwan sama ne anka yi kwana biyu. Kuma sharhin da anka rubuta jiya da yamma bai san an kwana ana ruwa ba, don haka sanarwar safe ta fi shi daraja.

Na biyu nauyi. Da yawan tseren da ake yi kullum irin wanda ake ɗora ma kowane doki kaya ne gwargwadon ƙarfinai, hukuma ta ba kowane lamba, wanda ya fi ƙwarewa shi ke ɗaukar mafi nauyi, har wajen kilo 76 da mahayi da sirdi da guntayen darma da ake sakawa cikin aljihun ƙyallen da ke ƙarƙashin sirdi, na ƙasa kuma wajen kilo 64. Manufar ita ce a daidaita su duka su iso tare. In doki ya ci yau, sati mai zuwa a ƙara mai lamba, haka za a yi ta ƙarawa har ya kai inda ba shi iya ci. Kilo 3 ba komai ba ne a ido, amma a mil 3 cikin taɓo da shinge 18 shi ke raba na ɗaya da na huɗu.

Sai shi kanshi filin, wanda mutane ke mantawa. Filin Cheltenham hagu ake juyawa, akwai hawa akwai gangara, kuma bayan shingen ƙarshe tudu ne doki zai hau har layin gamawa, dawaki nawa sunka tsallake na ƙarshe suna gaba tudun nan ya cinye su. Kempton dama ake juyawa kuma a shimfiɗe take, gudu take so. Desert Orchid, kilin nan da Turawa sunka so kamar mi, ya fi sakewa in ana juyawa dama, ya ci King George sau 4, amma babban tseren Gold Cup na Cheltenham sau ɗaya kacal ya samu, 1989, cikin laka, da ƙyar da jiɓin goshi. In na ga doki ya taɓa ci a fili ɗaya sau biyu, nakan ba shi girma ko da lambobinai na baya-bayan nan ba su da kyau.

Lambobin nan da ke gefen sunan doki su ne tarihinai a taƙaice, ana karanta su daga hagu zuwa dama, na ƙarshe shi ne tseren da ya yi kwanan nan. 1 ya ci, 2 na biyu, 0 bai shiga tara na farko ba, F ya faɗi, U ya kayar da mahayi, P mahayi ne ya ja linzami ya tsayar da shi don ya ga ba amfani. P ba kullum ne abin kunya ba, sau da yawa tausayi ne, amma F biyu a jere ga doki a manyan shinge, wannan zuciyarshi ta fara tsoro. Mai horarwa kuwa ba sai an daɗe ba, in bargarshi na cikin lafiya dawakinai na ci za ka gani cikin sati biyu, in tari ya shiga barga ma za ka gani. Willie Mullins na Ailan ya wuce nasara 100 a bikin Cheltenham tun Maris 2024, kuma a kakar 2023/24 ya zama zakaran masu horarwa na Birtaniya shina zaune Ailan, abinda ba a yi ba tun Vincent O'Brien a 1954.

Yanzu ga inda nike so in tsaya. Tunda yaran unguwa sunka gane ina bin abin nan, ba a sati biyu wani bai tare ni ba. Ɗan yayata ne ya fi naci, ya zo ya tsuguna ya gaishe ni sannan ya ce "Kawu don Allah ka ba ni guda ɗaya tak wanda ka tabbatar, ƙwallo ta ishe ni kullum wasa ɗaya ke yanke min tikiti." Na ce mai ɗana zamna in nuna ma wani abu. Na buɗe mai bidiyon tseren Champion Hurdle na Cheltenham na 11 ga Maris 2025, wanda munka kalla cikin azumi, ƙarfe 5 na yamma agogonmu, mu huɗu kan tabarma ƙarƙashin dogon yaro kowa maƙoshi ya bushe mun haɗa kai bisa waya ɗaya. Wani doki Constitution Hill bai taɓa shan kaye ba a tsere 10, kusan duk mai sharhi shi ya zaɓa, kuɗin da ake biya a kanshi rabin abinda ka zuba ne kawai saboda tsabar an yarda zai ci. A shinge na biyar ya tashi da wuri, ƙafafun gaba sunka taɓa, ya kife. Shi kenan sai State Man, zakaran 2024, ya wuce gaba ya ba da tazara, saura shinge ɗaya tak, mai sharhi har ya fara ɗaga murya, State Man shi ma ya taka saman shingen ya tafi ƙasa da mahayinai Paul Townend. Wata goɗiya Golden Ace wadda anka sa ma 25 bisa 1, wato ribar 25 kan kowane 1 da anka zuba, ita ta zo ta wuce ta ci. Yaron ya kalla ya sake maidawa baya ya kalla, na ce to a cikin waɗanda sunka rubuta sharhi ranar akwai waɗanda sunka shekara 30 suna wanga aiki, suna zuwa barga suna magana da mahaya, wane ne kawunka da ke Sakkwato da zai tabbatar ma?

Kuma ba yau anka fara ba. 2015 a Cheltenham dawakin Mullins uku sun ci ranar farko, Douvan da Un De Sceaux da Faugheen, dubban mutane sun haɗa su huɗu a tikiti ɗaya saura Annie Power, tana gaba ba kowa kusa da ita, ta faɗi a shingen ƙarshe da mahayinta Ruby Walsh. Tseren Grand National na 1967 a filin Aintree, wani doki da ya riga ya yar da mahayinai ya gitta gaban sauran a shinge na 23, wanda shina cikin mafi ƙanƙanta a filin, duk sunka cakuɗe, Foinavon da ke can baya anka sa mai 100 bisa 1 ya samu kafa ya tsallake ya ci, har yau shingen sunanai gare shi. Sharhi na iya gaya ma dokin da ya fi dacewa da ƙasa da nauyi da nisa, amma ba shi iya gaya ma inda kofato zai sauka. Ko wanda kasuwa ta fi yarda da shi, in ka bi lissafi na dogon lokaci, wajen sau ɗaya cikin uku shike ci.

Su kuma kamfanonin caca ba su dogara da sa'a ba, lissafi ne. Ɗauki dawaki biyu masu ƙarfi ɗaya, adalci shi ne wanda ya zuba 1,000 in ya ci a ba shi 2,000, amma sai su sa 1,900 kowane gefe, an karɓi 2,000 daga mutum biyu an biya 1,900, ko wane doki ya ci ɗarin nan tasu ce, kuma a tsere mai doki 16 yankan ya fi haka kauri. Masu saida "tabbas" a Telegram da WhatsApp kuwa sun fi ba ni haushi, suna karɓar kuɗin rajista daga yaran da ke tura baro ko kabu-kabu, ranar da anka ci su cika waya da hoto, ranar da anka faɗi su goge saƙon su yi shiru. Wanda ke da tabbas na gaske mi zai kai shi neman dubu biyun ɗan acaɓa?

Ni dai matsayina a fili shike, ba ni zuba ko sisi kuma ba ni ba kowa sunan doki don ya je ya zuba. Caca haramun ce, aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya wuri ɗaya, kuma nan jihar tun 2000 muke ƙarƙashin shari'a. Sukuwa ita kanta ba ta da laifi, ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya sa an yi tseren dawaki a Madina, waɗanda anka horar daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, kuma malamai sun yi bayanin kyautar da ake ba wanda ya ci. Abinda ɗan kallo zai zuba don ya cinye na wani shi ne matsalar. Abinda nike yi, nakan rubuta zaɓina a littafi da safe, da dalilina, da yamma in duba in ga ko karatuna na ƙasa da nauyi ya yi daidai, kuma daɗin da nike ji in na hango doki tun daga mil guda mahayinai zaune shiru bai motsa hannu ba saura kuwa ana ta dukansu, ba kuɗi ke kawo shi ba.

Akwai gefen da ke min nauyi a zuciya, ba zan ɓoye ba. Dawaki na mutuwa a wagga sukuwa. In ka ga an kewaye doki da koren labule bayan shinge, sau da yawa ƙafa ce ta karye kuma ba a iya gyara ta. Duk wanda ya taɓa kwana a barga da doki mai ciwon ciki ya san abinda muri ke ji sadda zai koma gida da ragama a hannu ba doki. Sun yi gyare-gyare, Grand National mai shinge 30 da nisan kusan kilomita 7 an sauya cikin shingayen daga katako zuwa abu mai laushi tun 2013, an rage yawan dawaki daga 40 zuwa 34 a 2024, wasu tsofaffin 'yan kallo na ƙorafi wai an rage mai armashi, ni kam ina goyon baya ɗari bisa ɗari, kuma da za su ƙara hana gudu in ƙasa ta yi tauri da na fi murna.

Ga mai son ya fara bi, Nuwamba akwai Betfair Chase a Haydock, farkon Disamba Tingle Creek a Sandown, 26 ga Disamba King George, washegari Welsh National a Chepstow inda galibi laka ce har gwiwa, farkon Fabrairu manyan dawakin Ailan su haɗu a Leopardstown, sai Cheltenham kwana 4 tsere 28 a Maris lokacin da mu nan zafi ya fara gasa mu, Afrilu kuma Aintree da Punchestown. A Janairu dai kafin ka ƙona data ka fara duba ko za a yi tseren ma, don in sanyi ya daskarar da ƙasa ko ruwa ya kwanta a fili jami'ai kan zagaya da safe su soke na ranar gaba ɗaya, kuma bidiyon manyan tseren duk ana ɗora su a YouTube bayan an gama, kyauta.