Garin da jirgin ƙasa ya tsallake

Ranar wata Asabar ƙarshen watan Yuli ina zaune wajen mai shayinmu a Tudun Wada, an ɗauke wuta ga ruwa ana ta yayyafi tun la'asar, sai ga kiran bidiyo a WhatsApp daga ɗan yayata da ke karatun noma a jihar Kansas ta Amurka. Mu nan ƙarfe tara na dare, su can rana tsaka wajen uku. Ina ɗauka ya ce Kawu tsaya ka ga wani abu, ya juya kyamara. Fili ne fetal ba tudu ba kwari, iya ganinka gonaki, sama kuma kamar an kifa ƙwarya, sai 'yan gine-gine da ba su taka kara sun karya ba, amma ga mutane baƙaƙen fata irinmu sun cika wajen, tsofaffi a kujeru ƙarƙashin rumfa, yara na guje-guje, ana gasa nama, wasu a kan dawaki. Na ce kai wane gari ne wannan kuma? Ya ce sunansa Nicodemus, kuma Kawu duk mutanen nan da kake gani 'yan ziyara ne, mazauna garin na ainihi ba su kai ashirin ba.

Tun ranar abin ya tsaya min a rai, na yi ta bibiyar labarin garin, shi ya sa na ce bari dai in rubuta.

Garin yana ƙaramar hukumar Graham ne a arewa maso yammacin Kansas, gefen wani ɗan kogi da ake kira South Solomon, titin mota mai lamba 24 ya bi ta gefensa. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 14 kacal a cikinsa. Sha huɗu fa, wallahi gidanmu na gado kaɗai idan aka zo rabon abincin dare mun ninka haka. Ita kanta ƙaramar hukumar gaba ɗaya ba ta kai mutum 3,000 ba, ka kwatanta da layi ɗaya a Rigasa. Ruwan saman da suke samu a shekara kusan rabin namu ne na Kaduna, sanyin hunturu har da ƙanƙara, bazara kuma zafi da iska mai ƙura. Alkama suke nomawa da masara da dawa, eh dawa dai tamu, don Kansas ce kan gaba wajen nomanta a Amurka, sai dai su yawanci dabbobi suke ba wa, mu kuma tuwo da kunu.

Waɗanda suka kafa garin bayi ne da aka 'yanta. An gama yaƙin basasar Amurka a 1865 aka soke bauta, toh amma zuwa 1877 gwamnatin tarayya ta janye sojojinta daga jihohin kudu, tsofaffin iyayengiji suka dawo da ƙarfinsu, baƙar fata ya ga 'yancin nan a takarda kawai yake, gonar da yake nomawa ba tashi ba, bashi ya yi masa katutu, ga barazana dare da rana. A daidai lokacin akwai wata doka ta 1862 da ta ce duk wanda ya je yamma ya kama eka 160, wato wajen hekta 65, ya zauna ya noma shekara biyar, filin ya zama nasa. Sai wani Bature dillalin filaye W. R. Hill da wani fasto baƙar fata W. H. Smith da abokansu suka kafa kamfanin garin a 1877, aka shiga coci-coci a jihar Kentucky ana raba takardun talla ana cewa ga ƙasa mai albarka can tana jira. Mutane suka sayar da ɗan abin hannunsu suka taso, ayari na wajen mutum 300 daga Lexington a watan Satumba na shekarar, wani ayarin daga Georgetown a 1878.

Jirgin ƙasa a garin Ellis ya sauke su, sauran tafiyar fiye da kilomita 50 wasu a keken doki wasu a ƙafa. Nan ne wajen da ya fi taɓa ni. Akwai wata mata Willianna Hickman, matar fasto ce, ta zo a ayarin 1878 ba ta da lafiya, ta ba da labari da tsufanta cewa da ta ji maza na ihu ga Nicodemus ga Nicodemus ta ɗaga kai ta duba ba ta ga komai ba, sai mijinta ya nuna mata hayaƙi yana fitowa daga cikin ƙasa ya ce ai garin kenan, kawai ta fashe da kuka. Dalili, wajen ba itatuwa balle a yi katako, sai mutane suka haƙa ramuka a jikin gangare suka rufe da ciyawa da ƙasa suka shige, girki kuma da busasshen kashin shanu da karan furen rana. Wasu suna gani suka juya. Waɗanda suka tsaya daga ayarin 1877 sun zo a makare ba damar shuka, hunturun farko yunwa ta kusa gamawa da su, har 'yan ƙabilar Osage, asalin mutanen ƙasar, da suka biyo ta wajen daga farauta suka raba musu nama.

Kuma ka ga ikon Allah, cikin shekara goma ramukan nan sun zama gari. An fasa farin dutsen wajen an yi gini, ga coci-coci, ga makaranta, otal, shaguna, banki, har jaridu biyu ake bugawa, mutane ɗaruruwa. Ɗaya daga cikinsu Edward McCabe har aka zaɓe shi babban mai binciken kuɗi na jihar Kansas a 1882, shekara 17 kawai bayan soke bauta.

Sai maganar jirgin ƙasa ta taso. Duk wanda ya tashi a Kaduna ya san abin da layin dogo ke yi wa gari, mu ai 'ya'yan reluwe ne. Kakana lebura ne a reluwe, da haka ya baro ƙauye ya zo nan, kuma shi ya sha gaya mana Kaduna daji ce da kadoji kafin dogo ya ratsa, har Gwamna Lugga ya ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru ya dawo da ita nan a 1917, ka je Zungeru yau ka ga yadda ta koma. Kafanchan mahaɗar jirgi ce ta ɗaga ta, da jirgi ya yi sanyi ita ma ta ji a jikinta. Ko jiya-jiyan nan da aka buɗe tashar Rigasa a 2016 kowa ya ga yadda kuɗin fili ya yi tsalle a unguwar. Toh su ma mutanen Nicodemus sun san da haka, a 1887 suka yarda su ɗora wa kansu bashi don a jawo musu layi, suka yi ta jira, wani kamfanin ya tsaya bai ƙaraso ba, shi kuma Union Pacific a 1888 ya shimfiɗa nasa ta ƙetaren kogi, 'yan kilomita kaɗan daga garin, aka kafa sabon gari a wajen mai suna Bogue. 'Yan kasuwa suka kwashe, wasu har ginin shagon nasu suka ɗauke suka kai can. Ni a ganina zalunci ne, mutanen da suka haƙa rami da hannunsu suka raya waje, sai a zo a ja layi a taswira a bar su a gefe.

Daga nan sai raguwa. Shekarun 1930 fari da guguwar ƙura da karyewar tattalin arziki suka ƙara korar mutane, wasu suka rasa gonakinsu saboda bashi, matasa suka nufi birane irin su Denver da Kansas City da Kalifoniya, makarantar ma daga baya aka rufe don ba yara.

Amma ba su bari garin ya mutu ba, kuma abin da ya sa na zauna rubutun nan kenan. Tun 1878 suke bikin tunawa da 'yanci, har yau duk ƙarshen makon ƙarshe na Yuli jikoki da tattaɓa-kunne suke tahowa daga ko'ina a Amurka, a yi jerin gwano a yi addu'a a ci abinci tare, a kai yara maƙabarta a nuna musu ga kakan kakanku nan. Su ne suka dage har majalisar Amurka ta sa garin cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1996, ana kula da tsofaffin gine-gine biyar, coci biyu, makaranta, tsohon otal da zauren taro da aka gina da dutse a 1939. Ɗan yayata ya ce wata dattijuwa ta riƙe hannunsa ta tambaye shi daga ina, ya ce Najeriya, ta ce masa shi ya san sunan ƙauyen kakanninsa su kuwa nasu sanin a nan ya fara, don haka ba za su saki wajen ba. Ya ce Kawu wallahi kunya ta kama ni, don sau ɗaya aka taɓa kai ni ƙauyenmu ina ƙarami.

Ni ma da na lissafa shekara tara rabona da zuwa, alhali daga tashar Kawo zuwa can bai fi awa biyu da rabi ba, bayan Zariya kaɗan. Washegari da safe na kira Baffa ƙanin mahaifinmu, shi kaɗai ya rage a gidan da matarsa, muka gaisa ya ce yau kuma wace rana, na ce Baffa ina nan tafe ranar Juma'a da yara in Allah ya yarda. Ya yi shiru kaɗan sannan ya ce toh ka taho da buhun siminti ko biyu, zauren kakanku gefe ɗaya ya zube a ruwan makon jiya.