Kalmar "bill": daga takardar wuta zuwa zauren majalisa

Kusan kowane gida da ke da wutar lantarki ya san bil, wato takardar da kamfanin wuta ke kawowa a ƙarshen wata. Amma ita wannan kalma ta Turanci, "bill", ana jin ta a majalisa, a banki, a tashar jiragen ruwa, har a wurin 'yan kwangila, kuma kowane wuri da abin da take nufi. Tushenta kalmar Latin ce, "bulla", wato hatimin da ake manna wa takardar hukuma. Daga hatimin, sunan ya koma kan takardar. Wanda ya riƙe wannan ba zai ɓata ba: mafi yawan lokaci "bill" rubutacciyar takarda ce da ke neman a yi wani abu wanda ba a riga an yi ba.

A ciniki, "bill" takardar neman biya ce. Rasit kuwa shaidar an biya ne. Mutane da yawa na haɗa su, su adana bil su yar da rasit, sai ranar da aka zo yanke wuta su ga ba su da hujja a hannu. A bil ɗin wuta a duba abu uku: lambar asusu, kuɗin watan nan, da tsohon bashi, wanda ake rubutawa "arrears". Idan an ga "estimated", to ƙiyasi aka yi, ba a karanta mita ba. A gidan abinci a Ingila "bill" ake nema bayan an ci, a Amurka kuwa "check" suke cewa, kuma a can "bill" na iya nufin takardar kuɗi, kamar ta dala goma, wadda Ingila da Najeriya ke kira "note".

Inda kuskure ya fi yin ɓarna shi ne harkar majalisa. A nan "bill" ƙudurin doka ne, bai zama doka ba. Sau da yawa za ka ji an yaɗa cewa an kafa doka kaza, alhali karatu na biyu kawai ƙudurin ya tsallake, kuma hankalin jama'a ya tashi a banza. Matakan a Majalisar Tarayya a bayyane suke: karatu na farko, inda ake ambata sunan ƙudurin kawai, karatu na biyu, inda ake muhawara kan manufarsa, sai a miƙa shi ga kwamiti, wanda kan kira zaman jin ra'ayin jama'a, sannan karatu na uku. Dole Majalisar Dattawa da ta Wakilai su amince da rubutu iri ɗaya, in sun saɓa a kafa kwamitin daidaitawa. Daga nan sashe na 58 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Shugaban Ƙasa kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa na iya tabbatar da shi ba tare da sa hannunsa ba. Sai an sa hannu ko an tabbatar da shi haka sunan ke canzawa: na tarayya ya zama "Act", na jiha ya zama "Law". Ƙudurin gyaran harkar man fetur, PIB (Petroleum Industry Bill), ya shiga majalisa tun 2008, bai zama PIA (Petroleum Industry Act) ba sai a watan Agustan 2021. Harafi ɗaya ya canza, amma shekara 13 ke tsakani. Duk mai fassara labarai da ya rubuta "doka" a gurbin "ƙuduri" ya zalunci mai sauraro, ko da bai yi niyya ba.

Akwai togiya guda: "Bill of Rights" na Ingila na 1689 da na Amurka na 1791 cikakkun dokoki ne, tsohon sunan ne kawai ya bi su.

'Yan kasuwar da ke shigo da kaya ta Apapa, Kwatano ko Lome sun san "bill of lading". Aiki uku take yi: shaida ce cewa kamfanin jirgi ya karɓi kayan, shaida ce ta yarjejeniyar dako, kuma ita ce takardar mallakar kayan. Galibi ana fitar da ta asali guda uku, da zarar an karɓi kaya da ɗaya, sauran sun mutu. Matsalar da aka fi samu ita ce kuskure a sunan mai karɓa ko lambar kwantena. Kafin a gyara, kwanakin da ake bayarwa kyauta don ɗauke kaya sun ƙare, kuɗin jinkiri ya fara hawa kullum. Webil ɗin da ake yanka a tashar mota 'yar'uwarta ce, sai dai ita ba ta ba da mallaka, bayanin kaya da inda za su kawai take ɗauke da shi.

A gini, "bill of quantities" jerin kayan aiki ne da adadinsu da farashinsu: buhun siminti nawa, rodi tan nawa, bulo nawa. "Treasury bill" kuwa bashi ne na ɗan lokaci da gwamnati ke ci ta hannun Babban Banki, na kwana 91, 182 ko 364. Ana sayensa ƙasa da adadin da aka rubuta, a biya ka cikakke in wa'adi ya cika. Wannan rarar kuɗin ruwa ce, shi ya sa masu gudun riba ke karkata ga sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci.

Sai "bill" ɗin da ba shi da alaƙa da takarda ko kaɗan: bakin tsuntsu. Wannan daga tsohon Turanci ya fito, rubutu ne kawai ya zo ɗaya. An fi amfani da shi ga baki mai faɗi ko dogo, irin na agwagwa da shamuwa, na shaho da mikiya mai lanƙwasa kuwa an fi ce masa "beak".