Lahadi, 25 ga Mayu 2025: mun yi ranar ƙwallo a rabin fili

An kwana ana ruwa a Kumasi. Da aka sallame sallar asuba ban koma gida ba, na zarce filin makarantar firamaren da muke atisaye don in ga inda ruwa ya kwanta, domin yau muka sa za mu tara yaran unguwa su buga wasa albarkacin Ranar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya. Ruwan bai yi ɓarna ba sosai. Abin da na tarar shi ne aboboya biyu, wato babura masu ƙafa uku na ɗaukar kaya, suna sauke ƙarafan rumfa da kujerun roba a daidai bakin ragar gabas. Ana ɗaurin aure a gidan da ke bayan makarantar, kuma kowa ya san Lahadi a Zango ranar biki ce.

Na san uwar amarya, ƙawar yayata ce tun suna 'yan mata. Na same ta a ƙofar gida ana girka manyan tukwane.

"Hajiya, ina kwana? Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya."

"Amin, Koci. Na ji an ce kai ma yau kana da naka taron."

Ta nemi izinin filin tun watan jiya, an ba ta. Ni ma na nema, an ce mini babu komai. Duk da baki aka yi, ba wanda ya rubuta. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Tsakar gidansu ko mutum talatin ba zai ɗauka ba, ga baƙi daga Tamale da Techiman da Accra, ina za ta zuba su? Muka tsaya muka daidaita: za a matse rumfunan a gefen gabas, a juya lasifika su fuskanci katanga, mu kuma mu ɗauki gefen yamma bayan la'asar. Ta ce in dai ja wa yarana kunne, kada ƙwallo ta faɗa mata cikin tukunyar shinkafa. Na ce in sha Allahu.

Daga nan na sayi koko da ƙosai na buɗe shago. Babbar Sallah saura ƙasa da mako biyu, shadda ta taru a kan tebur har ba wurin ajiye almakashi, don haka ko Lahadi ba hutu. Ina yankan wani kaftani ƙaramin yaron shagona ya ce, "Masta, wai wa ya ce yau ce ranar ƙwallo? Mu ai kullum ranar ƙwallo ce." Na gaya masa abin da na sani. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya amince da ita a watan Mayun 2024, Libiya na cikin ƙasashen da suka gabatar da ƙudurin, don haka bana ne karo na biyu. An zaɓi 25 ga Mayu ne saboda a ranar aka fara gasar ƙwallon ƙafa ta wasannin Olamfik na Paris a 1924, wadda ake ɗauka a matsayin gasa ta farko da ta haɗa ƙasashe daga sassan duniya daban-daban. Yurugwai ce ta ci kofin, ta doke Suwizalan 3 da 0. Daga Afirka Masar ce ta je, har ta lallasa Hangare 3 da 0. Wannan na ƙarshen shi ya fi burge yaron, ya sa na maimaita masa.

Irin waɗannan ranaku suna da yawa, na sani. Akwai 6 ga Afrilu ta wasanni don ci gaba da zaman lafiya, akwai 3 ga Yuni ta keke, 14 ga Yuni ta masu ba da jini, 19 ga Yuni ta cutar sikila, 20 ga Yuli ta wasan darar Turawa, ga kuma tamu ta Hausa a 26 ga Agusta. Abokaina da yawa suna cewa duk aikin waya ne, a sa hoto a WhatsApp da safe, da yamma an manta. Akwai gaskiya a maganarsu. Amma ni na ga amfaninsu ta wata fuska. Ƙaramin mutum irina, tela mai koyar da yara ƙwallo, ba shi da dalilin da zai tara asambiliman, wato kansilan unguwa, da liman da hedimasta a wuri ɗaya. In na je na ce yara ba su da filin wasa, kowa zai tausaya, ya ce Allah ya kawo mafita, shi ke nan. Amma da na ce musu rana ce da duniya ta ware, yara za su buga, muna roƙon su zo su sa albarka, dukansu uku suka amsa. Rana irin wannan tana ba ka ƙafar da za ka shiga zauren manya da buƙatarka.

Da azahar na bi ta rumfar mai shayi na gaida Baaba, aminin mahaifina, wanda ya haura tamanin. Shi a wurinsa 25 ga Mayu ranar Afirka ce, ranar da shugabanni suka hallara a Addis Ababa a 1963 suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, har da Kwame Nkrumah. Mu ma mun taso ana hutu a ranar, sai a 2019 aka cire ta daga ranakun hutun Gana. Da na gaya masa yanzu ta zama ranar ƙwallo kuma, ya ce to ai sun dace da juna, domin Nkrumah bai taɓa raba ƙwallo da maganar Afirka ba. A wannan shekara ta 1963 aka buga gasar cin kofin Afirka a Accra da Kumasi, Black Stars, ƙungiyar ƙasarmu Gana, suka ci Sudan 3 da 0 a wasan ƙarshe, suka sake ɗauka a 1965.

Sai ya shiga maganar Baba Yara, kuma in Baaba ya shiga wannan magana shayinsa sai ya huce. Yana yaro ya gan shi da idonsa a rigar Kotoko, babbar ƙungiyar ƙwallon Kumasi. Osman Seidu sunansa na yanka, haifaffen Kumasi, ɗan wasan gefe da aka yi wa laƙabi da sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma. Daga Kotoko aka ɗauke shi zuwa Real Republikans, ƙungiyar da aka kafa a zamanin Nkrumah. A 1963 motarsu ta yi haɗari a kusa da Kpeve a yankin Volta, ya samu rauni a ƙashin baya, aka kai shi Ingila neman magani, bai sake taka ƙwallo ba har ya rasu a 1969 yana da shekara talatin da 'yan kai. Babban filin wasan garin nan sunansa yake ɗauke da shi. Baaba ya lissafo Ibrahim Sunday da ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1971, da Abdul Razak da ya zama a 1978. Sannan ya kalle ni ya ce, "Ɗana, mu a lokacinmu ba mu da takalmi, ba mu da riga, ƙwallon ma wani lokaci tsumma ne muke ƙullawa. Amma fili, duk inda ka juya akwai. Ku kuna da komai, fili ne babu."

Wannan magana ita ce ta tsaya mini a rai duk yinin yau, domin na gani da idona. Wuraren da na buga ƙwallo ina yaro tsakanin Aboabo da Asawase, wani ya zama jerin shagunan kwantena, wani gidan mai, wani an kewaye shi da bulo an rubuta kada a shiga. Mutane sun ƙaru, kowa na neman inda zai sa kansa da inda zai nemi abinci, ban ce kowa mugu ba ne. An kuma gina filayen ciyawar roba a wasu unguwanni, suna da kyau, da fitilu da komai, amma yawanci da awa ake biya. Manya masu albashi su haɗa kuɗi su kama da dare, yaron da uwarsa ke tallan goro kuwa sai dai ya riƙe waya yana leƙe. Ko babban filin Baba Yara bai tsira ba: a watan Satumban bara hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta janye amincewarta da shi saboda lalacewar ciyawa, bayan wasan da Angola ta ci mu 1 da 0. Daga baya muka kasa samun gurbin zuwa gasar kofin Afirka, abin da rabonmu da shi tun 2004. Ana ta zagin 'yan wasa da koci a rediyo, amma ban cika jin mai tambayar inda ɗan shekara tara zai koyi tsayar da ƙwallo ba. Mohammed Kudus da ya kai har West Ham ta Ingila, a ƙurar unguwar Nima ta Accra ya fara. Samuel Kuffour daga ƙananan ƙungiyoyin Kumasi ya bi ta ƙungiyar King Faisal kafin ya kai Bayern Munich.

Bayan la'asar muka hallara. Yara sun fi yadda na zata yawa, wasu ko allon makaranta ba su kai gida ba, suka jingine a gindin katanga. Muka ja layi da tokar da mai sayar da waake, wato shinkafa da wake, ta ba mu, muka kafa gora biyu a tsakiyar fili a matsayin raga ta biyu. Tunda rabin fili ne, muka yi bakwai-bakwai, minti goma sha biyar kowane wasa, wanda aka ci ya fita. A ɗaya gefen ana kiɗa ana liƙi, sai na riƙa busa usur da dukkan ƙarfina kafin a ji.

Akwai wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, da ke da takalmin ƙwallo ƙafa ɗaya tsakaninsu. Wan na buga da dama, ƙanen bahago ne, don haka suka raba: wan ya sa na dama, ƙanen ya sa na hagu, ɗaya ƙafar kowannensu tsirara. Ƙanen ne ya ci ƙwallon da ta fi kowace kyau yau, ya ɗauke ta daga gefe ya murɗa ta ta wuce ta saman gola. Golan kuwa silifas ɗinsa ya zura a hannu a madadin safar hannu. Sau da yawa ƙwallo na faɗawa kwatar da ke bayan ragar yamma, wadda ruwan jiya ya cika da leda da ƙazanta, sai wani ƙaramin yaro ya kwanta rub da ciki ya jawo ta da sanda, a goge ta a ciyawa a ci gaba. Duk lokacin da na ga haka gabana sai ya faɗi. Sau ɗaya ta shiga rumfar biki, wani abokin ango da farar shaddarsa ya tare ta da ƙirji ya maido mana, 'yan biki suka yi masa tafi.

Na ware wa 'yan mata nasu lokaci, kuma na tsaya a kai duk da ƙorafin samarin. In fili ya yi kaɗan, mata da ƙananan yara ake fara kora, kullum haka ne. Ɗiyar ƙanwata tana cikinsu, da dogon wando da ɗan hijabinta. Kakarta ba ta so da farko, sai da na nuna mata hoton Nouhaila Benzina ta Maroko da ta buga gasar cin kofin duniya ta 2023 da lulluɓinta, da kuma Mukarama Abdulai, 'yar Tamale, da ta fi kowa cin ƙwallo a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2018. Yau kakar da kanta ta baro wurin biki ta tsaya a bakin layi, tana ta cewa a yi a hankali kada a karya mata jika.

Da aka tashi, kafin a kira magariba, na samu abin da na tara mutane dominsa. Muka tsaya a barandar aji ni da asambiliman da hedimasta da Malam liman. Na ce ranku ya daɗe, ba kuɗi muke roƙo ba. A rubuta jadawalin filin nan a manna a ƙofar ofis, mai biki ya san ranarsa, yara su san tasu, ko da yammacin Asabar da wasu ranaku biyu ne a mako. Kada a ƙara barin kowa ya ajiye kwantena a bakin filin, domin da haka sauran suka tafi, ɗaya bayan ɗaya. Sannan a rufe kwatar nan da sulab.

Hedimasta ya ce jadawali ba shi da wuya, amma sai an kawo takarda da sa hannun iyaye, shi ma ya samu abin nuna wa na sama da shi. Asambiliman ya ce maganar kwata zai kai majalisa, bai yi alkawarin lokaci ba, kuma na ji daɗin da bai yi ba, tunda ba a hannunsa kuɗin yake ba. Malam ya ce zai yi wa iyaye magana ranar Juma'a, da sharaɗinsa: ba yaron da zai tsallake makaranta saboda ƙwallo, kuma da an kira salla a ajiye ta. Ya ƙara da cewa in koya musu haƙuri in an ci su, ya tuna mana da magoyin bayan Kotoko da aka kashe a Nsoatre a watan Fabrairun bana, har aka dakatar da gasar lig na makonni. Na ce Malam, na karɓa duka.

Hajiya ta aiko wa yaran da babbar roba ta shinkafa da nama, suka zauna a ƙasa suka cinye tas. Allah ya saka mata da alheri.

Bayan isha'i na koma shago na ɗinka wuyan riga biyu, sannan na rubuta takardar da Turanci, yaron shagona zai buga mini ita a wurin masu kwamfuta. Gobe kafin in buɗe shago zan fara zagaya gidaje neman sa hannu, in fara da gidan su wa da ƙanen nan, domin wan ya bugu a gwiwa a wasan ƙarshe kuma ina so in ga yadda ya kwana.