Bakano a Damagaram: sai da na sake koyon ƙirga kuɗi

Ranar da zan baro Kano, mahaifiyata ko rakiya ba ta yi mini ba. Cewa ta yi: "Damagaram ɗin? Ai bayan gida ne. Ka gaishe da kawunka." Ni ma haka na ɗauka. Tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka, ka bi Kazaure, ka wuce Daura, ka tsallaka a Kongolam, ka faɗa Ɗan Barto da Matamaye, kafin la'asar kana Zinder, wato Damagaram ta ƙasar Nijar. Wanda zai je Yamai daga Zinder ma tafiyarsa ta ninka tawa fiye da sau uku. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, tuwo ɗaya. Shi ya sa ban tambayi kowa komai ba, na ɗaure kayan gyaran wayata a jakar Ghana-must-go na hau mota a farkon 2021, bayan an buɗe iyakar da Najeriya ta rufe tun Agustan 2019.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya fi shekara talatin a unguwar Zango yana sayar da yadi. Shi ya samo mini wata rumfa a bakin titi, ba nisa da Kasuwar Dole. A kwana na uku wata tsohuwa ta kawo ƙaramar waya mai tocila, gindin caji ya lalace. Na duba, aikin minti goma ne. Na lissafa a raina cewa sefa 500 ya isa, sai na ce mata:

"Inna, ɗari biyar za ki ba da."

Ta janye wayar daga hannuna kamar na ɗora mata garwashi. "Ɗari biyar? Yaro, ka ji tsoron Allah. Nawa na sayi wayar gaba ɗaya?"

Na tsaya ina mamakin rowar mutanen garin. Mai shayin da ke gefena ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce: "Inna, yi haƙuri, Bakano ne, bai iya ƙirge ba. Dala ɗari yake nufi." A nan na san cewa a Nijar ba a ƙirga sefa ɗaya-ɗaya da Hausa. Da dala ake ƙirge, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Tsabar da aka rubuta wa 100, sunanta dala ashirin. Takardar 500, dala ɗari. Takardar 1,000 kuwa jika guda. Ɗari biyar ɗin da na ce wa tsohuwa, a kunnenta sefa 2,500 ne, jika biyu da rabi. Abin da ya ƙara rikita ni, a Kano in dattijo ya ce jaka, naira 200 yake nufi. Daga baya na lura ai ɗari biyun ce dai a nan ma, dala 200 ita ce jika. Tushe ɗaya, amma kowa da inda ya kai shi.

Sati biyu na yi da takarda manne a bangon rumfa, na rubuta lamba a hagu, sunanta a dama. Duk wanda zai zo nan neman abinci, kafin ya nemi ɗaki ya fara haddace wannan. Kuma in mutum ya faɗi farashi da Faransanci, lambar da ke jikin kuɗin yake faɗa. In ya juya Hausa, ya koma dala. Mutum ɗaya zai yi maka duka biyun a cikin ciniki ɗaya.

Sai kuma harshen aikin kansa. Na yi shekara bakwai a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, ina ganin babu wayar da za ta ba ni kunya. Wayar farko mai shafa da aka miƙo mini, na kunna na ga komai da Faransanci. Da hoton alamomi na riƙa lalube kamar makaho a sabon gida. Yaro zai zo ya ce ba shi da rezo, ko a cire masa pus, ko ekran ya fashe, ko sharjer ba ya yi. Rezo shi ne sabis, pus shi ne sim, ekran kuwa gilashin fuska. Wutar lantarki kuran ce, ɗan acaɓa kabu-kabu, makarantar boko lakwal, malaminta mushe. Ba su da wuya, a wata guda sun zauna mini. Abin da ya fi wuya shi ne in daina gyara wa mutane magana. Na taɓa ce wa wani matashi "sabis ake cewa", ya dube ni ya ce: "Malam, naka na Ingilishi, nawa na Faransi, wanne ne na kakanmu?" Tun ranar na kama bakina.

Wani abin da na zo da shi daga Kano wanda bai yi mini amfani ba shi ne gaggawa. Idan zafi ya kankama, daga Maris zuwa Mayu, garin nan yakan yi tsit tsakanin azahar da la'asar. Da farko ina zaune a rumfa ina gumi ina cewa mutanen nan ba sa son kuɗi. Babu wanda ya zo, sai ciwon kai da na samu. Yanzu ni ma rufewa nake, in dawo bayan la'asar in kai har bayan isha'i, kuma cinikin yamma ya fi. Ranar Alhamis ce babbar ranar kasuwa, mutanen ƙauye su cika gari. Abin da ke ci da ni a wannan rana ba manyan wayoyi ba ne, ƙananan nan ne masu maɓalli: lasifika, gindin caji, batir, tocila. Riba kaɗan-kaɗan, amma ba ta yankewa, kuma wanda ka gyara wa tsakani da Allah, mako mai zuwa da wayoyin maƙwabtansa uku zai dawo a aljihu. Garin bai kai Kano girma ba, labarin mai ha'inci ba ya kwana. Harajin sana'a da ake kira patanti kuma ka biya, ka adana takardar a leda. Haka katin shaidarka da katin rigakafi mai ruwan ɗorawa, kada ka yi tafiya ba su. Na taɓa mantawa da nawa a aljihun wata riga, na yini a wani shinge a kan hanya mota ta tafi ta bar ni, kuma laifina ne.

Maganar kuɗi, ga abin da na gani. Kayan gyara daga Kano nake sayowa da naira, in yi aiki a biya ni da sefa. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya kusan sefa 656, ba ta motsi. Naira kuwa kowa ya ga abin da ya same ta tun 2023, har ta kai jika guda tana canjuwa sama da naira 2,000. Saboda haka ajiyata da sefa nake yi, ba na canzawa sai ranar da zan yi sari ko zan aika gida. Amma akwai cutar da ke kama sabon zuwa: duk abin da zai saya sai ya juya shi zuwa naira a kansa. Mai wannan lissafi ba zai ci nama ba a garin nan, kuma zai tsauwala wa mutane a farashi. Da sefa kake samu, da sefa za ka yi tunani.

Ruwa kuwa, a nan ne Damagaram ke gwada baƙo. Duk wanda ya shigo gari zai ga manyan duwatsun nan da suka yi sahu a Birni da kewaye, har yara na hawa suna ɗaukar hoto. To dutsen nan haka yake har ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa rijiya ba ta wadatar da garin. Daga nesa ake turo ruwa, daga Gogo da Machaya, da kuma wajen Ganaram ta arewa. Da bazara sai famfo ya yi kwanaki bai ɗiga ba, in zai zo kuma sai tsakar dare. Ɗakin da na fara kamawa, mai gidan ya nuna mini famfo a tsakar gida, sabo fil, har da murfin tagulla. Na biya kuɗin wata shida. A wata shidan nan sau nawa na ga ruwa a bakinsa, yatsun hannu ɗaya sun isa. Kullum sai 'yan ga-ruwa da jarkokinsu masu ruwan ɗorawa, bido ake ce musu a nan, kuma farashin bido yana hawa ne tare da zafin rana. Da zan kawo iyalina, matar kawu ta ce: "Ɗana, ba mai gida ake tambaya ba. Ka tsaya a ƙofar gida ka tambayi matan layin yaushe rabonsu da ruwa." Haka na yi, gida huɗu na ƙi kafin na samu wanda muke ciki. Na sayi duro biyu, tano a bakin mutanen nan, tun kafin in sayi katifa. Maiɗakina da ta zo, wata biyu tana kuka da wannan rayuwa, yanzu ita ke koya wa amaren layi yadda ruwan wankin shinkafa ke komawa ban ruwan zogale.

Abin da ya zaunar da ni a garin, bayan kawu, fada ce. Ba fadar Sultan ba, ita wannan tana Birni da ƙofarta mai ado, kuma ranar hawan salla ya kamata kowa ya je ya gani. Fada a nan ita ce majalisar abokai: tabarma ko benci a ƙofar wani gida, da ɗan murhun waya, da butar shayi. Mai shayin nan da ya cece ni daga tsohuwa shi ya ja ni tasu. Shayi zagaye uku ne, na farko ɗaci kamar magani, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne sai da uzuri. Ana karo-karon sukari da gawayi, ana buga kati, wanda ake kira bilot, ana gardamar ƙwallo. A can na samu rabin masu kawo mini gyara, a can aka samo mini gidan haya, kuma ranar sunan 'yata su suka kafa rumfa suka yi ta hidima kamar 'yan uwa. Sai dai ka shirya shan tsiya. Kanawa da Damagarawa abokan wasa ne, tun yaƙe-yaƙen zamanin Sarkin Damagaram Ahmadu Kuren Daga da Sarkin Kano Alu, kuma kowane ɓangare da irin labarin da yake bayarwa na wanda ya kori wani. Kullum sai an ce mini bawa ya zo gaishe da iyayen gidansa. In ka yi fushi ka faɗi. Ni dai nakan ce da ba don Kano ba ko allura ba za su gani ba, a yi dariya a zuba shayi.

Su suka sa mini son kokowa. Da ba ta dame ni ba, ni ɗan Kano Pillars ne. Amma lokacin gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a 1975 kuma jihohi takwas ke karawa a cikinta, gari gaba ɗaya yana kan rediyo da talabijin, ba mai kawo gyara ma. Na je filin kokowa na Langa-Langa sau ɗaya don kallo, yanzu in aka ka da ɗan Damagaram har abinci ba ya yi mini daɗi. Ranar Lahadi kuma in hali ya yi mukan hau babur mu je kasuwar Mirriya, mu sha iskar lambu mu dawo da kayan miya.

Ban san a ƙasar waje nake ba sai bayan 26 ga Yulin 2023. Sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take turowa, wadda layinta ke zuwa nan daga Katsina. Mai gyaran waya ba wuta, kamar mahauci ne ba wuƙa. Na fasa ajiyata na sayi faifan sola ɗaya da batir. Gilasai suka ƙare, na koma farke matattun wayoyi ina cire abin da zai yi amfani. Masu bin hanyar daji da babur suna kawo kaya, amma kuɗin ya ninka. A cikin wannan hali aka ɗaura auren ƙanwata a Kano, ina nan, sai hotuna aka turo mini ta WhatsApp. Kilomita 240 ɗin nan da mahaifiyata ta kira bayan gida.

Wani dare a fada, muna zaune a duhu ana sauraron labarai, wani matashi da ba ɗan fadarmu ba ya nuna ni ya ce: "Ga su nan, su suka kashe muna kuran." Wurin ya yi shiru. Ina da amsa a bakina, na haɗiye. Babban fadar, wani dattijon direba, bai ko ɗaga kai daga butar shayi ba ya ce: "Kai yaro, shi da ya kashe kuran ɗin a gidansa akwai ta? Tare muke kwana a duhu." Ya miƙo mini kofin farko, alhali ba ni ne babba ba. Tun daga lokacin na ƙudura cewa siyasar ƙasar mutane ba tawa ba ce. Ina da ra'ayi, amma a cikin ɗakina yake kwana. Sai a Maris na 2024 aka buɗe iyaka wuta ta dawo, kuma tun Janairun 2025 Nijar ba ta cikin ECOWAS, don haka maganar takardu kada a yi mata riƙon sakainar kashi, a tambayi direbobin layin abin da ake nema a makon da za a taso.

A 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, 'yan fada suka ce to yanzu sai in koyi Hausar gaske, in daina cewa fura in ce hura. Takardun ofis dai da Faransanci nake ganin su har yanzu, kuma babban ɗana da ke lakwal shi ke karanta mini takardar kuɗin wuta, yana yi yana gyara mini lafazi.

Wani ƙanin abokina ya kira ni daga Kurna kwanan baya, yana so ya zo ya buɗe wurin walda. Na ce ya zo da damina ko da sanyi, kada ya fara da bazara. Ya zo da kuɗin da zai ci wata uku ba tare da ya dogara da ciniki ba, ya sauka wurin wani kafin ya kama ɗaki, kuma ya biya Farm Centre ya riƙo mini gilasan Tecno da itel, na turo masa lambobinsu. Ya ce duk ya ji, amma wai ƙirgen dala ai wasa ne, a mota zai koya. Na tambaye shi dala saba'in da biyar sefa nawa ne. Har muka yi sallama bai ba ni amsa ba.