Zuwa Ringim da Hunturu, da Inhela Biyu a Jaka

A tashar Yankaba ɗan kamasho ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, gaba za ki shiga, amma kuɗin mutum biyu." Na biya. Na daɗe da daina gardama a kan wannan. Matan gidanmu haka Allah Ya yi mu, kuma ƙibar tamu da fuka take tafe. Ita ce ma ta fito da ni da sassafe, don an bugo waya cewa Gwaggo ta kwana uku a zaune, in ta kwanta numfashi ya gagara.

Hazo ya rufe ko'ina, har muka wuce Jogana fitilar direba a kunne take. Kafin Gezawa ƙirjina ya fara fito, na ciro inhela na shaƙa. Wani dattijo daga baya ya ce, "Sannu Hajiya, ai wannan in aka saba da shi shi ke nan." Na ce, "Baba, maganin ba ya kama mutum, ciwon ne ba ya tafiya." Bai yarda ba, ni ma ba ni da numfashin musu. Muka wuce Zakirai, gonaki fayau an kwashe amfani. A Ringim na hau acaɓa zuwa ƙauyenmu, sau biyu yashi yana sauke ni ina takawa.

Tun daga ƙofar ɗaki na gane rabin matsalar. Ga kaskon wuta saboda sanyi, ga tokar igiyar leƙo a ƙarƙashin gado, an kuma toshe 'yar tagar da tsumma. Gwaggo ta jingina da bango, sai ta huta kafin ta ƙarasa amsa gaisuwa. Da na fara faɗa ta ɗaga hannu. "Gado ne, 'yar nan. Haka Inna ta yi, haka wadda aka haife mu tare ta yi har ta koma. Duk mai jiki a gidan nan da fukarta."

Aikin jinya nake yi, kuma don ciwon nawa ne na bi maganar nan na karanta. Gwaggo ba ta yi ƙarya ba. A 2005 masana a Jami'ar Washington ta Amurka sun bincika tagwayen haihuwa sama da 1,000, masu kama ɗaya da marasa kama, suka ga lalle akwai ƙwayoyin gado da ƙiba da asma, wato fuka, suka yi tarayya a kai. Sai dai abin da suka haɗa ɗin kashi 8 cikin 100 ne kacal na gadon ƙiba. A 2020 wasu suka duba rumbun UK Biobank na Birtaniya, mai bayanan mutum wajen 500,000, suka ga alaƙar ta fi fitowa a asmar da ke kama mutum bayan ya girma, irin ta Gwaggo da ta fara bayan haihuwarta ta huɗu. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne ƙwayar gadon da ake kira ADRB2. Ita ke ƙera ƙofar da Ventolin, maganin da ke cikin inhela, yake ƙwanƙwasawa hanyar iska ta buɗe, kuma irin wannan ƙofar tana jikin kitse, tana da hannu a yadda ake ƙona shi. Yawancin waɗanda aka gwada Turawa ne, ba mutanen Ringim ba, wannan kuwa yana ci mini rai.

Ban kawo mata sunan kowace jami'a ba. Na ce, "Gwaggo, gadon da ya haɗa ƙiba da fuka gaskiya ne, amma kaɗan ne. Sauran teɓar ce ke danne huhu daga ƙasa, kitsen yana ƙara kumburin hanyar iska, hayaƙin nan kuma yana ƙarasa aikin." Kaskon ta yarda aka fitar, aka kawo bargo da gidan sauro. Da na taɓo rage tuwon dare da man shanu sai ta ɓata rai. "So kike in rame a ce 'ya'yana sun bar ni da yunwa?" Nan ta kayar da ni, don na san garinmu.

Inhelar tata ma a baki take fesawa, maganin bai kai huhu. Na sa jikanta ya samo robar ruwa ƙarama, muka huda gindin muka cusa bakin inhelar, dabarar da likitocin Afirka ta Kudu suka gwada ta yi aiki. Fesa ɗaya, ta ja numfashi a hankali sau biyar. Na bar mata ɗaya daga cikin nawa biyun, muka tsayar da ranar da za a kai ta asibiti a rubuta mata na riga-kafi, wanda ake shaƙa kullum ko ba a jin komai. Daren nan ta yi barci a kishingiɗe.

Da safe ta sa aka ɗaure mini ƙwaryar fura da kwalbar man shanu, ta ce kada in kuskura in ba kowa. A tashar Ringim aka sake cewa kuɗin mutum biyu, sai na ajiye ƙwaryar a kujerar da na saya.