Godiya ga Duk Wanda Ya Tsaya Mini Bayan Hatsarin Hanyar Schokland

Alhamdulillahi Rabbil alamina. An sallamo ni, ina gida, kuma likita ya ce ƙarfen da aka sa mini a ƙafa ya zauna daidai. Ba zan maimaita dukan labarin faɗuwata a keke ba, domin kusan duk mai karanta wannan ya bi shi tun daga saƙon farko da aka tura zauren WhatsApp na 'yan uwa mazauna Holan har zuwa daren da aka sake shiga da ni tiyata. Jikina babu ƙarfi, amma raina ya ƙi kwanciya sai na yi godiya.

Mutanen gida da yawa sun tambaya, me ya kai ka cikin gonaki a kan keke? A nan keke abin hawan kowa ne, kuma ƙarshen Afrilu lokacin furen tulip ne. Mun fita ne mu zaga Noordoostpolder a lardin Flevoland, ƙasar da a da kusan duk gindin teku ce. A 1932 aka datse tekun Zuiderzee da madatsar Afsluitdijk mai tsawon kilomita 32, daga baya aka kewaye wannan yanki aka yi ta zuƙe ruwan da injina, har ƙasa ta bushe a 1942. Ƙauyuka goma aka tsara kewaye da garin Emmeloord, a tazarar da mutum zai iya kaiwa da keke. Gonakin furen layi-layi ne, ja da rawaya da fari, iya ganinka. Mun nufi Schokland, tsohon tsibirin da aka kwashe mutanensa a 1859 saboda ruwa na cinye shi. Yau ɗan tudu ne a tsakiyar gonaki, katakon da aka kafa don tare igiyar ruwa na nan tsaye, ciyawa ce kawai a gabansa. Wallahi wurin ya yi kyau, kuma abin da ya same ni bai rage masa komai a idona ba.

Sai dai ƙasar shimfiɗe take kamar faifai, babu tudu babu dutsen da zai tare iska. Abokan tafiyata sun yi gaba kaɗan lokacin da iskar ta ɗauke ni, taya ta zame a laka, na tsinci kaina cikin magudanar ruwan gefen gona. Irin magudanan nan ne ke kai ruwa tashoshin famfo, domin ƙasar tana ƙasa da teku da 'yan mitoci, in aka daina zuƙewa ruwa zai dawo. Wannan tunanin ne ya zo mini ina kwance, sanyi yana shiga ƙashina, ƙafa ta ƙi motsi, ina kira iska tana tafiya da muryata. Na tuna Hajiyarmu, na tuna yarana, na kama kalmar shahada.

A nan Allah Ya jefo wata dattijuwa manomiya. Ba ta tsaya neman igiya ko jiran mijinta ba, da takalmin robarta ta shigo ruwan har gwiwa, ta tallabo kaina ta ɗora a cinyarta, ta cire rigar sanyinta ta lulluɓe ni, da ɗaya hannun tana kiran 112, lambar agajin gaggawa. Abin da ba zan manta ba shi ne, da ta ji ina motsa baki ina ambaton Allah, sai ta yi shiru. Ba ta tambaye ni me nake cewa ba, ba ta katse ni ba, hannunta dai na kan goshina. Sai da na numfasa sannan ta ce mini da Turanci, suna zuwa, ɗana. Ita kanta rawar ɗari take, leɓɓanta sun canja launi, amma ba ta fita daga ruwan ba har motar asibiti ta iso. Bayan tiyata ta farko ta zo duba ni da ƙyafaffen kifi daga Urk, garin masunta, wai ta yi tambaya an ce mata kifi ba zai zame wa Musulmi matsala ba. Baba, Allah Ya saka miki da mafificin alheri, Ya ba ki lafiya da tsawon rai, Ya haskaka zuciyarki, ke da maigidanki da ya ajiye mini keken a gonarku.

Na san masu alheri ba sa son a nuna su, amma yau ku yi haƙuri da ni. Uwargida, ke kika kwana a kujera, kika ɓoye hawayenki don kada in karaya. Allah Ya sa Aljanna ce makomarki. Yayanmu na garin Almere da ya bar aikinsa ya zama direbanmu da tafintanmu. Ɗan uwana ɗan Damagaram da ya riƙa kai yara makaranta. Hajiya 'yar Kumasi da ba ta bari tukunyar gidana ta huce ba. Malam liman da jama'ar masallaci da suka sa ni a addu'a ranar Juma'a. Ma'aikatan jinyar dare, musamman wadda ta gyara mini gado ya fuskanci alƙibla. Da Hajiyarmu can gida da ta raba sadaka ta sa aka yi saukar Alƙur'ani. Ya Allah Ka biya musu buƙatunsu, Ka rufa musu asiri duniya da lahira, Ka raya musu zuri'a, Ka jiƙan iyayensu, kada Ka nuna musu ranar da za su nemi mai tallabo su rasa.

Akwai kuma waɗanda jini ɗaya muke, tafiyar 'yan sa'o'i ce a jirgin ƙasa tsakaninmu, amma ko sannu ta waya ban samu ba. Ban riƙe kowa ba, wataƙila suna da uzuri. Na dai ji abin a raina, musamman a dararen da zazzaɓi ya hana ni barci.

Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, ku yafe mini, zan bi ku ɗaya bayan ɗaya. Masu son zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi, domin da safe nake zuwa gashin ƙashi. A ci gaba da sa ni a addu'a Allah Ya sa ƙafar ta haɗe lafiya.