Kukan da katin hoto ke yi mini

Asabar, wajen sha ɗaya da rabi na dare, Kawo.

Yau tun da na idar da sallar asuba hankalina yana kan katin hoton nan na kwamfuta, GPU ɗin da na yi wata bakwai ina tara kuɗinsa, kuma na hannu ne ma ba sabo ba. Ana kawo wuta wajen ƙarfe bakwai na kunna, na buɗe gem ɗin tseren motoci, ko fara tuƙi ban yi ba ina nan a shafin farko sai ga wannan siririn kukan ya dawo, tsiiii, kamar gyare ya maƙale a cikin akwatin. In na motsa linzami sautin ya canza, in na rufe gem ɗin ya ɗauke ɗif. Wallahi gabana faɗuwa ya yi, don abin da ya fara zuwa raina shi ne katin ya kusa ƙonewa, kuɗina sun tafi kenan.

Da farko na zata fanka ce, tunda hunturu ya shigo ƙura ta cika ko'ina. Na buɗe gefen akwatin na hure ƙurar, na tsayar da fankokin na ɗan lokaci, kuka yana nan yadda yake. Sai na naɗe takarda kamar mazurari na kanga a kunne ina bin sassan ɗaya bayan ɗaya, a jikin katin sautin ya fi ƙarfi, kusa da inda wayar wuta ke shiga. Autarmu tana shara a tsakar gida ta leƙo ta ce "Yaya, mene ne ke ƙara haka, har cikin kaina nake jin sa." Na kira Baba ya saurara, ya sunkuya har kusa da akwatin ya ce shi dai iskar fanka kawai yake ji. Kunnen yaro yana iya kamo sauti har kusan haz 20,000 (ma'aunin sirantar sauti kenan), da shekaru kuma sai siraran sautukan su riƙa kuɓuce wa mutum, shi ya sa ita ya dame ta shi kuwa ko a jikinsa.

Bayan azahar na naɗe katin a tawul na hau keke zuwa Ahmadu Bello Way wurin wani mai gyara da na daɗe da sani. Ina zuwa na ce Oga don Allah duba mini, ina jin an cuce ni. Ya saka a tasa kwamfutar, kukan ya fito amma bai kai na gida ba, ya ce "kwantar da hankalinka ɗan'uwa, kukan koyil ne wannan, katinka lafiyarsa ƙalau."

Sai ya jawo wani mataccen kati da aka cire masa ƙarfen sanyaya, ya nuna mini wasu ƙananan dunƙulalliyar abubuwa masu kusurwa huɗu a jere gefen babban cif ɗin. Su ne koyil, a cikin kowanne akwai wayar jan ƙarfe a nannaɗe. Wutar da ke shigowa katin bolt 12 ce, shi kuma cif ɗin wajen bolt 1 yake buƙata, to wannan sashen ne ke sauke ta, yana kunnawa yana kashewa sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya. Duk lokacin da wutar ta bi ta cikin wayar sai ƙarfin maganaɗisu ya taso ya sa ta rawa kaɗan, irin rawar da ido ba ya gani, kuma da yake katin yana jan wuta ne yana saki da kowane hoto da ya zana, sai rawar ta sauko inda kunne ke ji. A nan na gane dalilin da ya sa shafin farkon gem ya fi ihu: babu wani aiki mai nauyi a wurin, sai katin ya yi ta zuba firam, wato hotunan da yake zanawa, ɗari-ɗari a daƙiƙa, nawa har 800 na gani yana wucewa, alhali monita ta 144 kawai take iya nunawa. Wahalar banza yake yi, yana cin wuta yana kuka.

Na tambaye shi zancen da nake gani wasu na yi na ɗiga gam a kan koyil ɗin, ya ce kar na kuskura, a garin haka ake ɓata kati mai lafiya. Ni ma dama raina bai kwanta da shi ba. Abin da ya ɗan ɓata mini rai shi ne da ya ce kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar wannan kukan a matsayin lalacewa, ko sabo ka saya ba lallai su canza maka ba. Gaskiya ban ga adalci a nan ba, mutum ya biya kuɗi masu yawa haka ya cancanci ya yi wasansa cikin shiru, musamman irinmu da ɗaki ke jikin ɗaki. Ya ce kuma fawa saflai, wato na'urar da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, ma tana da hannu, kati ɗaya sai ya yi ihu da wata ya lafa da wata. Ko sisi bai karɓa ba, Allah ya saka masa da alheri.

Bayan isha'i na zauna na bi abin da ya ce. Na ƙayyade firam a 141, nan take kukan shafin farko ya faɗi sosai, har sai da na sauke ajiyar zuciya. Sannan na buɗe MSI Afterburner, manhajar saita katin hoto, na danna Ctrl da F, na sauke wutar cif ɗin zuwa milibolt 900, na yi tsere uku a jere ina jiran ko zai tsaya, bai tsaya ba, zafinsa ma ya ragu, fankokin suka yi laushi. Kukan bai tafi gaba ɗaya ba, in hanya ta cika da motoci yana ɗan tasowa. Na sa auta ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce sai ta natsu sosai take jin sa, daga ɗakin Umma kuwa babu komai, wanda shi ne babban abin da ya dame ni dama don Umma barcinta ba nauyi.

Wajen goma aka ɗauke wuta muka koma kan inbata, sai na ji wani gunji daban mai kauri, shi daga fawa saflai yake fitowa ba daga katin ba. Na kashe komai. Oga ya ce ranar Litinin zai ara mini tasa mai wat 750 na gwada a gida kwana biyu, in ita ce matsalar sai na fara tarin kuɗin wata.